Finjalin da Lalla ta Mayar

Kwanakin mako bakwai ne ga kowa, amma a wajen Lalla guda ɗaya ce take da suna, Lahadi. Ranar ce kasuwar Tawa take ci, ranar ce kuma mahaifinta, tsoho Rissa, yake hawo motar 'yan kasuwa daga wani ɗan ƙauye arewa da Takanamat, da akuya biyu ko tunkiya ɗaya. Wani lokaci ma ba dabbar komai, sai ya ce ya zo ganin yadda kasuwa take. Ƙarya yake yi, Allah ya yafe masa. 'Yarsa ya zo gani, amma ba za ka ji haka daga bakinsa ba ko da za ka shekara kana jira.

Lalla 'yar fari ce, ita kaɗai kuma ta rayu a cikin 'ya'yan ɗakinsu. Tun tana ƙarama bai taɓa kiran sunanta ba, "ke" ce kawai. Mijinta Attahir ya tafi Aljeriya neman aiki, shekara biyu da wata uku ke nan, ya bar ta a ɗakin haya a unguwar Wadata da keken ɗinki da wayar hannu wadda take ƙara sau ɗaya a mako in an yi sa'a. Ba ta da ɗa. Matan gidan hayar ba su ƙi ta ba, ba su kuma ja ta a jiki ba. A gaisa a bakin famfo, a tambayi gajiya, kowace ta shige ɗakinta ta saki labule.

In tsohon ya gama da kasuwa bayan azahar, sai ya zo ya yi sallama can ƙasa-ƙasa, ya zauna a tabarmar da ta shimfiɗa masa a inuwar bango. Ba ya barin ta ta dafa shayi. Daga jakar fatarsa yake fito da 'yar butarsa shuɗiya da finjali biyu, ita kuma ta kawo garwashi. Ya zuba ganye, ya jira, ya ɗebi sukari da hannu ba awo ya antaya a cikin butar, ya ɗaga ta sama yana tsiyayawa har kumfa ta tashi. Na farko ya miƙa mata, ya juya gefe ya sa nasa ƙarƙashin rawani ya sha. Tsakanin na farko da na uku ake yin duk maganar da za a yi: rijiya ta ja baya, wance ta haihu, raƙumin wane ya ɓata an gan shi wajen Tiliya. Ba a tambayar zuciya, ba a tambayar jiki. Da an shanye na uku ya wanke finjalansa ya ce mota za ta tashi. Awa ɗaya da rabi ke nan, ita ce kuma duk rabon Lalla na ɗan'uwa har wata Lahadin.

Sauran kwana shidan fa? Shayin dai. Wa zai hura wuta ya tuƙa tuwo don bakinsa shi kaɗai? Da safe shayi da burodi da madarar gwangwani mai zaƙi, da hantsi shayi da fanke, in rana ta take ta aika a sayo mata lemun kwalba ko zoɓo mai ƙanƙara, da la'asar kuma ta sake ɗora buta. Ba yunwa ke sa ta ba. Ƙarar tafasar butar ce take rage mata shirun ɗakin.

Ciwon ya fara mata da faɗuwar damina. Ƙaiƙayi ne a gabanta, irin wanda bai san mutum yana sallah ba, bai san yana gaban mutane ba. Sai farin ruwa mai kauri, gudaji-gudaji kamar kindirmo, sai zafi in ta je fitsari. Zama a kan keken ɗinki ya koma azaba, ta taka kaɗan ta miƙe, ta taka kaɗan ta miƙe. Ta tare mai tallan magani a lungu ta ce a ba ta na sanyi, ya ƙulla mata kafso a leda. Ta tafasa bagaruwa ta zauna a ciki. Abin ya lafa mako biyu ya dawo da ƙarfinsa, ta sake sayen kafso, ya sake dawowa. Sau huɗu a cikin wata biyar.

Ba ta gaya wa kowa ba, kuma da dalilinta. Ta taɓa jin matan gidan a bakin famfo suna cewa irin wannan maza ne suke kwaso wa mata shi a waje. To ita da mijinta yake bayan hamada shekara biyu, wa za ta ce ya kwaso mata? Ta san ba ta yi komai ba, Allah ma ya sani, amma bakin mutane ba ya jiran shaida. Ranar da abin ya kai ta ga kuka a kan tabarmar sallah, ta ɗauki mayafi ta hau kabu-kabu. Ba ta je likitar unguwarsu ba, wato ɗan asibitin da ke kusa da su, kada a gan ta. Ta ce a kai ta wata matanite, asibitin haihuwa, can gefen gari, kusa da inda motocin arewa suke sauke mutane. Wai ita mai wayo!

Ungozomar wurin, Madam Safi, mace ce mai jiki da tabarau a kan hanci, bakinta ba ya da linzami amma hannunta da sanyi. Da ta gama dubawa ta cire safar hannu ta jefa a kwando.

"Tun yaushe?"

"Wata biyar, Madam."

"Wata biyar kina zaune da wuta cikin zane? Kai, mata, ba ku jin tausayin kanku."

Lalla ta sunkuyar da kai. "Madam, mijina ba shi nan. Wallahi tallahi ban taɓa..."

"Wa ya tambaye ki? Wagga cuta ba sai namiji ya kawo ta ba. Budurwa na yin ta, tsohuwa na yin ta, ni kaina na yi ta. Wani ɗan abu na, dangin yis ɗin da aka sa ma burodi, yana zaune jikin mata da yawa ba shi damun kowa. In ya samu abin da shika so, sai shi yi yawa shi hana ki sakat. Kin sha kafso?"

"Na sha."

"Na sani. Kafson nan ya kashe masu tsaron wurin, ya bar ma ɓarawo gida. Amma sau huɗu cikin wata biyar, akwai wani abu. Kina yawan jin ƙishirwa? Kina yawan hitsari?"

Ta ce e. Madam Safi ta ce ta dawo gobe da safe kafin ta sa komai a baki. Washegari aka soki yatsarta, aka ɗiga jinin a wata 'yar na'ura, aka kuma aika ta wani ɗaki aka ɗebi na hannu. Da takardar ta fito Madam ta dube ta ta saman tabarau.

"Sukarin jininki ya hau. Shi ka ciyar da abin nan, shi ya sa kina kora shina dawowa. Akwai mai diyabet gidanku?"

Akwai mana. Mahaifiyar Lalla, Ummul Kulsum, Bahaushiyar Kalfu, da shi ta tafi. Ƙaya ce ta soke ta a tafin ƙafa, 'yar ƙaya, wurin ya ƙi warkewa, aka yi ta fama har aka yanke ƙafar a nan Tawa, ba ta kuma cika shekara ba bayan haka. A shekarunta biyu na ƙarshe buta biyu Rissa yake ɗorawa, ɗaya mai sukari, ɗaya mai ɗaci ta matarsa. Bayan an binne ta ya ba da buta ta biyun ga wani makiyayi mai wucewa, ya yi wata uku ba ya zuwa kasuwa, har mutane suka fara cewa shi ma ya kusa. Tun daga ranar ba a ambatar sunan cutar a gabansa.

"Innata," in ji Lalla.

"To kin san abin. Amma naki da wuri munka gane shi, ki gode Allah." Madam ta rubuta mata maganin matsi na kwana shida, ta rubuta takarda zuwa ga likitan da yake duba masu sukari. Sannan ta ajiye biro. "Saurara da kyau. Abinci kaɗai ba shi warkar da ke, kada wata ta ruɗe ki. Amma in muna ba ki magani kina ɗura sukari, aikin banza muka yi. Lemun kwalba, zoɓo mai zaƙi, madarar gwangwani, hwanke, ki yi musu bankwana. Burodi da hwarar shinkahwa ki rage. Ki koma ga tuwon gero kaɗan da miya da yawa, wake, zogale, yakuwa, nono mai tsami ba sukari. Wurin kuma ruwa zalla, ban da sabulu mai ƙamshi, ban da bagaruwa."

"Shayi hwa?"

"Sha abinki, amma ba sukari."

"Ko ranar Lahadi kaɗai? Hinjali ukku?"

"Irin na mutanenku na arewa, wanda cokali ka tsayawa ciki? Yanzu dai a'a. Bari mu ga jinin ya sauka tukuna, sannan mu yi magana."

Lalla mace ce mai riƙe magana. Ta kwashe sauran sukarin ɗakin ta ba maƙwabciya, ta hura wuta ta tuƙa tuwo don bakinta ita kaɗai. Kafin mako ya zagayo ƙaiƙayin ya ja baya, ta zauna a kan keke tun hantsi har azahar ba ta miƙe ba, har ta kama kanta tana 'yar waƙa. Sai dai tun ranar Juma'a ta fara tunanin Lahadi, don ta san abin da ke tafe. Sukarin Rissa a cikin buta yake dahuwa, ba a finjali ake sa shi ba, balle ta ce a rage mata. In ta ce ya dafa mata marar sukari, ta gaya masa komai ke nan, don mutum ɗaya ya taɓa dafa wa irin wannan. Ɗayan dalilin kuwa, na ƙaiƙayi, ai ko a mafarki 'ya ba ta buɗe baki ta faɗa wa ubanta.

Ya zo kamar kullum. Ya zauna, ya dafa, ya tsiyaya, ya miƙo.

"Na ƙoshi, Abba."

Ka ji fa! Wa ya taɓa ƙoshi da shayi? Hannun tsohon ya tsaya a sama da finjalin, tururi yana tashi. Bai dube ta ba, sai ya dubi ƙofar ɗakin. Ga ƙwaryar nono mai tsami an rufe da faifai, ga yakuwa a tire tana jiran gyara, ga 'yar tsamiya a kwano. Ya janye hannunsa a hankali, ya juya gefe ya sha nasa, ya sha nata. Ya ba ta labarin rijiya a taƙaice. Bai dafa na biyu ba, ya ce yau direban yana sauri.

Lahadi ta biyu ya sake miƙowa, kamar yana ba ta dama ta gyara kuskure. Ita kuma duk makon ta yi shi ne tana neman ƙaryar da ba za ta yi masa ciwo ba, kuma cikin duk ƙaryar duniya ga wadda ta zaɓo:

"Kwanakin ga zuciyata ka tashi in na ji warin zaƙi, Abba. Abu mai tsami kaɗai nika iya ci."

Wayyo Lalla. Da akwai wata babbar mace a kusa da ta toshe mata baki. Amma ita ba ta taɓa ɗaukar ciki ba, uwarta ta rasu, ba ta zama cikin mata, ba ta ji yadda maganar ta sauka a kunnen tsoho ba. Ta dai ga ya ajiye finjalin a ƙasa, ya ja rawaninsa har ƙarƙashin ido. Ya zubar da abin da ke cikin butar a gindin bango, abin da bai taɓa yi ba. Ya ɗaure jakarsa ya miƙe.

"Abba, ko la'asar ba a yi ba."

"Ina da sauran aiki kasuwa."

Lahadi ta uku ta share ƙofar ɗaki, ta shimfiɗa tabarma, ta hura garwashi. Garwashin ya cinye ya zama toka, ta sake hura wani. Duk sallamar da aka yi a zaure sai ta ɗaga kai, mai ruwa ne, mai gawayi ne, mijin maƙwabciya ne. Da aka kira magariba ta naɗe tabarmar. Ta ce ko bai ji daɗi ba ne, ko motar ce ta lalace. Ta huɗu ma haka. Lahadi ta biyar ta sa mayafi ta tafi kasuwar dabbobi da kanta, ta tsaya daga nesa cikin kukan awaki da ihun dillalai, tana duban rawuna ɗaya bayan ɗaya. Ta hango mutanen ƙauyensu biyu. Ɗaya ya gan ta sarai, ya kau da kai ya shiga duba haƙoran wani rago.

Da Attahir ya kira ta gaya masa Abba ya daina zuwa. Layin yana yankewa, ana ƙarar inji a bayansa. Ya ce tsofaffi sai haƙuri, zai huce, ya ce ta gaida mutanen gida. Ba ta gaya masa maganar sukari ba shi ma, ta ce sai ya dawo.

Jikinta kuwa sai sauƙi yake ƙarawa. Ƙaiƙayi ya tafi bai dawo ba, ƙishirwar ta ragu, likitan ya duba takarda ya ce madalla, ta ci gaba a haka. Ta fito daga wurinsa da labari mai daɗi a baki, ta tsaya a bakin titi ta rasa wanda za ta kai wa. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, har ta ji da ma ta shanye finjalan nan ta ci gaba da susa.

Ranar Alhamis da sassafe ta rufe ɗaki ta nufi tasha. Motar ta bi ta cikin gonakin da aka gama girbe, karan gero a tsaye, rumbuna a cike, sannan ƙasa ta koma ja da duwatsu. Bayan Takanamat aka sauke ta a bakin hanya ta ƙarasa da ƙafa. Kafin azahar ta shiga gidan.

Gwaggo Balkisa, ƙanwar Rissa wadda take riƙe masa gida tun rasuwar matarsa, tana tankaɗe a tsakar gida. Da ta ga Lalla ba ta yi guɗa ba, ba ta ce maraba ba. Idonta ya sauka kai tsaye a kan cikin yarinyar. Ta ajiye rariya, ta kama hannunta ta ja ta cikin ɗaki, ta saki asabari. Ba ta tambaya ba, ta sa tafin hannu ta danna marar Lalla, ta sake dannawa.

"Gwaggo, lahiya?"

"Wata nawa?"

"Wata nawa mi?"

"Ke, ni za ki yi ma wayo? Matar maƙwabcinmu Illa ta gane ki da idonta kina hitowa matanite da takarda, kwana biyu jere, lokacin da ta kai surukarta awo. Ubanki ya ce ƙarya ta, ya kusa marin Illa cikin mota. Sai ga shi ya dawo ya ce kin mayar mai da hinjali. Wani mako ya dawo ya ce zuciyarki ka tashi, tsami kaɗai kika ci. Mijinki shekara biyu ba shi ƙasar. Mi kika so mu ce?"

Lalla ta zauna a bakin gado. Abin da ta gudu tun farko, wanda ya sa ta yi wata biyar tana susa a ɓoye, wanda ya sa ta tsallake likitar unguwa, shi ne ya riga ta zuwa gida ya zauna yana jiran ta. Ta buɗe jaka ta fito da takardun, ko da yake Gwaggo ba ta karatun boko. Ta faɗa mata duka, da na ƙaiƙayin da na jinin, don Gwaggo mace ce. Gwaggo ta saurara baki buɗe, ta sake taɓa cikin, ta ji shi a shafe kamar faifai.

"La ilaha illallahu. Ƙaiƙayi? Don ƙaiƙayi munka yi wata guda ba mu iya ɗaga kai ga rijiya? Ke wace irin ɗiya ta, ba ki da baki?" Sai kuma ta rage murya. "Amma ciwon Ummu... Wa za shi gaya mai wanga?"

"Ni za ni gaya mai. Ina shike?"

Yana bayan gari a gindin wata aduwa, inda ba mai wucewa, yana tufkar igiya. Ya rame. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, hannuwansa duk jijiya. Ya ji takunta ya gane, amma bai ɗaga kai ba. Ta cire takalmi ta durƙusa nesa kaɗan, ta gaishe shi da harshensu na Tamashek kamar yadda take yi tana yarinya. Ya amsa da kalma ɗaya, hannunsa bai bar igiyar ba.

Duk hanya ta zo tana shirya yadda za ta sassauta masa, ta fara da cewa da wuri aka gane, akwai magani, likita ya ce madalla. Tana tsoron kada ya faɗi, kada ya koma irin watannin nan uku. Da ta buɗe baki duk shirin ya watse.

"Abba, abin da anka gaya maka ba haka ba na. Ba ni da komi. Gwaggo ta duba." Ta ƙara da cewa, "Ciwon Inna na gare ni. Ciwon sukari. Shi ya sa anka hana ni shayi."

Igiyar ta faɗi daga hannunsa. Ya ɗago ya dube ta ido cikin ido, abin da ba ta tuna ranar da ya taɓa yi ba. Kafaɗunsa suka sauka, ya saki wani dogon numfashi wanda ya yi mako biyar yana riƙe da shi.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Alhamdu lillahi."

Da ƙarfi ya faɗa, da dukan zuciyarsa. Sai da kalmar ta fita ta biyu sannan ya ji abin da ya ce. Ta ga lokacin da ya ji, don idanunsa sun canza, hannunsa ya tashi zuwa bakinsa ya tarar rawani ya riga ya rufe shi. Wata akuya ta yi kuka can wajen rijiya.

Lalla ta zo da shirin rarrashin uba. Ta tanadi kalmomin da za ta ce masa kada ya ji tsoro, ba za ta bi Inna ba, ƙafafunta lafiya lau. Ba a buƙaci ko ɗaya ba. Mako biyar ya zauna da wannan zato a kanta bai tako ya tambaye ta ba, yau kuma ya ji cutar da ta kashe matarsa tana jikin 'yarsa guda ɗaya, ya gode wa Allah. Ba ta ji haushinsa ba, ta san inda ya fito, ta san mutanen da yake zaune a cikinsu. Kaɗaici ta ji, irin wanda ba ta taɓa ji ba ko a ɗakin haya.

"Ba haka nika nuhi ba," in ji tsohon.

"Na sani, Abba."

"Likita... mi ya ce?"

"Ya ce da sauƙi."

Ya gyaɗa kai ya daɗe yana gyaɗawa. Ya laluba ƙasa ya ɗauko igiyar, ya juya ta a hannu, ya rasa inda ya tsaya a tufkar.

"Ki kwana. Balkisa ta yi miki tuwo."

"Na bar ɗinkin mutane. Akwai motar da ka wucewa bayan la'asar."

Bai matsa ba. Ta miƙe ta kakkaɓe gwiwoyinta. Har ta juya ya yi gyaran murya.

"Lahadi ina tahowa."

Maganar da ta yi mako uku tana jira ke nan, wadda ta sa ta rufe ɗaki ta hau mota tun da sassafe. Ta samu. Ta tsaya ta nemi murnar a cikin ranta, ta duba ko'ina, ba ta gan ta ba.

"Allah shi kawo ka lahiya," in ji ta. Ta sa takalminta ta nufi bakin hanya.